Idan mace tana karɓar maza biyu, maguɗin gado zai yi tafiya kuwa?

Garba_Asawase:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata magana da nake so masana su warware. Fasahar nan ta jin-diraib, wato maguɗin gado, ana cewa ƙwayar gado ɗaya za ta riƙa shiga kusan dukan 'ya'ya maimakon rabi, har ta mamaye sauron wuri ko ɓerayensa baki ɗaya. Ni ina ganin lissafin yana da rami, don an ɗora shi a kan uwa ɗaya uba ɗaya. Dabbobi da yawa kuwa mace tana karɓar namiji fiye da ɗaya a lokacin barbara guda, maniyyinsu ya haɗu a jikinta. Idan mai ɗauke da maguɗin ya sha kaye a can ciki, kashi 90 na 'ya'yan da ake cewa yana samu na me? Ra'ayina shi ne a daji abin nan ba zai je ko'ina ba. Mai hujja ya kawo.

DaktaRabi_Tek:
Wa alaikumus salam Malam Garba. Ramin da ka hango na gaske ne, kuma ɓeran gida ya riga ya nuna shi. A kuromozom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 17 na ɓeran gida akwai wani yanki da ake kira t. Namijin da ke da kwafi ɗaya na t da kwafi ɗaya na asali yana ba 'ya'yansa t kashi 90 cikin ɗari, wani lokaci fiye. Yadda yake yi: lokacin da ƙwayoyin maniyyi ke haɗuwa a cikin maraina, suna manne da juna, akwai ƙofofi tsakaninsu. Sinadaran da t ke fitarwa sai su bazu cikin dukansu, su rikita motsin wutsiya. Maganin rikicin kuma, wanda wata ƙwayar gado mai suna Smok ta nau'in t ke bayarwa, ba ya ƙetarawa, yana zama a cikin ƙwayoyin da ke ɗauke da t kaɗai. To masu t su miƙe su nufi ƙwai, sauran su yi ta kewaye a wuri ɗaya.

Da wannan ne kawai, da tuni kowane ɓera yana da t. Amma ɗan tayin da ya gaji kwafi biyu yakan mutu tun a ciki, ko idan ya rayu namijin ba ya haihuwa. Ko da an cire wannan asarar, lissafi na cewa ya kamata a sami t da yawa a daji, amma abin da ake samu ya yi ƙasa ƙwarai. Babban dalilin da aka gano shi ne naka. Masu bincike a Jami'ar Zurik, Andreas Sutter da Anna Lindholm, sun nuna a 2015 cewa idan mace ta karɓi mai t da maras t, rabon mai t a 'ya'yan bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Akwai kuma wani tsohon rumbu kusa da Zurik da ake bin ɓerayensa tun 2002, t ya yi ta raguwa a cikinsu har ya ɓace.

Tanko_Tafo:
To shi ke nan ai, Garba ya ci.

Sauro_Legon:
A yi hankali ɗan'uwa, kada a haɗa kan abubuwa biyu. Maguɗin gado iri biyu ne manya. Akwai mai kashe ko nakasa rabin maniyyi, irin na t da Dakta ta bayyana. Akwai kuma mai kwafin kansa, wanda ake ginawa da CRISPR, fasahar yanka DNA a wurin da aka zaɓa. Shi wannan na biyun, a cikin ƙwayoyin da za su zama maniyyi ko ƙwai, sinadarin Cas9 yana yanka kuromozom ɗin da ba shi da maguɗin a wuri ɗaya tak, ƙwayar kuma wajen ɗinke yankan sai ta kwafo daga ɗan'uwansa mai maguɗin. Kwafi ɗaya ya zama biyu tun kafin a raba. Ba a kashe ƙwayar maniyyi ko ɗaya ba, don haka namijin yana shiga gasa da cikakken adadinsa. Austin Burt na Imperial College a Landan ne ya kawo wannan shawara a 2003, tun kafin CRISPR ta zo.

Sannan sauron maleriya ba ɓera ba ne. Macen Anopheles gambiae galibi sau ɗaya ake barbararta a rayuwarta. Namiji yana bar mata toshi a al'aura, a cikinsa akwai sinadarin 20E, shi ke sa ta ƙi wani namiji kuma ya tura ta ga yin ƙwai. Maniyyin tana ajiye shi a jaka ɗaya, da shi za ta yi ta amfani. Binciken da aka yi a Mali a 2003 ya sami matan da suka karɓi maza fiye da ɗaya kusan kashi 2.5 cikin ɗari kacal.

Nafisa_lissafi:
Bari in sa lambobi a maganar ɓera, don "ya ci" ɗin Yaya Tanko ya yi sauri. A ɗauka t bai yi yawa ba tukuna, ta yadda da wuya masu t biyu su haɗu. Ƙwayar gado ta gari tana shiga rabin 'ya'ya, 0.5. Idan mace ta karɓi mai t shi kaɗai, t na samun 0.9. Idan ta karɓi biyu, damar mai t ya kasance cikinsu ta ninka, amma rabonsa a ce 0.15 ne, don haka 2 × 0.15 × 0.9 = 0.27. Idan x shi ne kason matan da ke karɓar maza biyu, t na samun 0.9 − 0.63x. Wannan ba zai faɗi ƙasa da 0.5 ba sai x ya wuce kusan 0.63. Wato sai kusan mata biyu cikin uku suna yin haka kafin gasar maniyyi ita kaɗai ta hana t shiga. Ƙasa da haka rage masa gudu kawai take yi.

DaktaRabi_Tek:
Lissafin ya yi, ƙanwata. Abu ɗaya zan ƙara. A ɓerayen daji, cikin da ake samun uba fiye da ɗaya yakan kama kashi 20 zuwa 30, amma wannan ba shi ne x ɗinki ba. Macen da ta karɓi maza biyu, ɗaya ya cinye 'ya'yan duka, gwaji zai nuna ta a matsayin mai miji ɗaya. Da rabo 0.15 da 'ya'ya shida, damar mai t ya tashi ba ko ɗaya ita ce 0.85 sau shida a jere, kusan kashi 38 cikin ɗari. Don haka x na gaskiya ya fi abin da ake gani, kuma yana hawa idan ɓeraye suka cunkushe.

HajiyaMaiKaji:
Ku masu jami'a kuna ta ɓera da sauro, alhali wannan gasa kullum tana gudana a akurki. Kaza tana da 'yan ƙananan bututu a mahaɗar mahaifa da hanyar fitar ƙwai, nan take ajiye maniyyin zakara. Ƙwan da ta saka washegarin barbara ba shi da zakara a ciki, daga kwana na biyu ake farawa. Ƙarfinsa yana nan har kwana goma ko makamancin haka, sai ya riƙa raguwa, amma ana iya samun ragowarsa har sati uku. Talotalo ta fi haka nisa sosai. Don haka mai son tsaftace iri, idan ya cire zakaran gida ya sa na waje, kada ya tara ƙwan ƙyanƙyasa sai bayan sati uku. Yawancin 'yan tsakin za su bi sabon zakara tun da wuri, don na ƙarshe yakan rinjaya, amma tsohon zai riƙa ɓullowa jefi-jefi, mutum ya ce an cuce shi a iri. Kuma kaza ba ta zaune kawai ba. An nuna a 2000 cewa tana iya fitar da maniyyin zakaran da ba shi da matsayi a garke nan take bayan ya sauka.

MalamIliyasu_Ƙwari:
Hajiya kin faɗi daidai, kuma rinjayen na ƙarshe tsohuwar magana ce. Geoff Parker ne ya fito da batun gasar maniyyi a 1970, daga kallon ƙudan da ke taruwa a kan kashin shanu a Ingila. Namijin ƙarshe na samun kusan kashi 80 na ƙwan. A wani jinsin mazari ma, Jonathan Waage ya nuna a 1979 cewa al'aurar namiji tana da ƙayoyin da take kwashe maniyyin wanda ya riga shi kafin ya zuba nasa.

Amma in mayar da mu ga tambayar Garba, gwajin da ya fi kusa da ita na ƙudan 'ya'yan itace ne, Drosophila pseudoobscura na Amurka ta Arewa. Yana da kuromozom X mai maguɗi da ke kashe duk maniyyin da ke ɗauke da Y, namijin ya haifi mata zalla. Tom Price da Nina Wedell da abokan aikinsu sun raba ƙudaje gida-gida. Wasu an bar mata su karɓi namiji fiye da ɗaya, wasu an tilasta musu namiji ɗaya. Sakamakon ya fito a 2010: gida biyar cikin goma sha biyu na masu miji ɗaya sun ƙare ƙurmus don maza sun yanke, na masu maza da yawa kuwa ko ɗaya bai mutu ba. Kafin nan, a 2008, sun nuna abin da ya fi ba ni tsoro a madadin masu wannan fasaha: inda maguɗin yake, matan da kansu suna ƙara saurin karɓar namiji na biyu zubi bayan zubi, wato daga iyaye zuwa 'ya'ya zuwa jikoki. Ke nan kashi 2.5 na sauro ba dutse ba ne, zai iya motsawa idan akwai riba a motsin.

Sauro_Legon:
Zai iya, Malam, amma sai idan namiji mai maguɗin ya fi rauni a gasar. Idan adadin maniyyinsa da ingancinsa daidai suke da na kowa, macen da ta ƙara miji ba ta tsere wa komai ba. Inda maganarka ta kama shi ne irin da ke yayyanka X. An ɗauko sinadarin I-PpoI wanda ke yanka wani jeri da ke maimaituwa a kan X na sauro kaɗai, aka sa ya yi aiki lokacin haɗa maniyyi. Na farkon ya yi ƙarfi da yawa, yana bin maniyyi ya shiga ƙwai ya yanka X na uwa, ƙwan duk ya mutu. A 2014 Roberto Galizi da abokansa suka raunana shi ta yadda zai lalace kafin ya kai ƙwai, aka sami 'ya'ya maza kusan kashi 95. Wannan irin yana asarar rabin maniyyi. Shi ya kamata a sa wa ido.

Baba_Alabar:
'Ya'yana, ni tambayata ɗaya. Wannan ba shiga hurumin halittar Allah ba ne? Kuma an ce an riga an saki irin wannan sauro a Burkina, kusa da mu.

Sauro_Legon:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Hukunci na malamai ne, ba zan taɓa shi ba. Abin da zan iya faɗa shi ne na ɓera da na ƙuda ba mutum ya ƙirƙira su ba, a daji aka same su. Na Burkina kuma, wanda ƙungiyar Target Malaria ta saki a ƙauyen Bana kusa da Bobo a Yulin 2019 maza ne kusan 6,400 na irin farkon nan da ƙwansu ba ya ƙyanƙyashewa. Ba su da maguɗi, ba sa barin baya. An ga ba su kai 'yan'uwansu na asali daɗewa da nisan tashi ba. A Agustan 2025 gwamnatin Burkina ta dakatar da aikin gaba ɗaya. A nan Gana aikin da aka yi a Jami'ar Gana, Legon, ya fi karkata ga gano abin da ke cin sauron da abin da zai biyo baya idan ya ragu, da kuma dabarun kiwonsa. Sakin kowace halitta da aka sauya wa gado sai da izinin hukumar kula da lafiyar halittu ta ƙasa, ƙarƙashin dokar 2011, mai lamba 831.

Baba_Alabar:
Madalla. Allah Ya yi albarka.

Garba_Asawase:
Na ji bambancin iri biyun. To amma idan gasar maniyyi ba ita ce matsalar mai kwafin kansa ba, me ya hana shi? Don dai ban ga sauro ya ragu a unguwar Aboabo a nan Kumasi ba.

Ɗan_Aboabo:
Na Aboabo da ke hana mu barci yawancinsa Culex ne na kwata, Yaya Garba, ba ya ɗaukar maleriya kuma maguɗin da aka gina wa Anopheles ba zai taɓa shi ba. Abin da ya fi damun mai kwafin kansa shi ne ɗinkin banza. Ba kullum ƙwaya ke kwafowa daga ɗan'uwan kuromozom ba, wani lokaci sai ta manne bakin yankan kawai, harafi biyu ko uku su ɓace ko su ƙaru. Wurin ya canza, Cas9 ba zai sake gane shi ba. Idan ƙwayar gadon ta ci gaba da aiki duk da canjin, an haifi mai turjiya, kuma shi zai yi ta yawa tunda matansa na haihuwa. Haka ya faru da maguɗin da ƙungiyar Andrea Crisanti ta fitar a 2016: ya hau a keji, sannan ya sauko, rahoton 2017 ya nuna masu turjiya ne suka cinye shi.

Gyara biyu aka yi. Na ɗaya, an canza makunnin da ke tada Cas9. Na farkon, vasa, yana barin sinadarin ya taru a cikin ƙwai ya yi yanka a lokacin da ba a so, aka koma zpg. Na biyu, an nemi wurin da ba ya jure canji, aka samu a ƙwayar gado mai suna doublesex, daidai gaɓar da ke fitar da siffar mace. Macen da ta gaji kwafi biyu ba ta cizo, ba ta ƙwai. A gwajin 2018 an fara da sauro 600 a kowane keji, 150 daga ciki maza masu kwafi ɗaya. Keji ɗaya ya cika da maguɗin a zubi na 7, ɗayan a na 11, daga nan ƙwai ya yanke. An maimaita a manyan kejuna a Terni ta Italiya, sakamakon ya fito a 2021. Amma keji ɗaruruwa ne ko dubbai, daji miliyoyi. Canjin da ke faruwa sau ɗaya cikin miliyan ba za ka gan shi a keji ba.

MalamIliyasu_Ƙwari:
A ƙara da cewa gasar sauro tana faruwa ne a sama kafin a zo ga maniyyi. Maza suna yin dandazo da magariba a kan wata alama a ƙasa, mace ta shigo a cafke ta cikin daƙiƙoƙi. Namijin da aka raina a ɗaki zubi da yawa ya saba da barbara a ƙaramin keji, dandazon daji zai iya gagararsa. Masu gwada wannan suna riƙe ɗaki a kusan digiri 27, laima kashi 70 zuwa 80, ruwan sikari kashi 10, fitila kuma a rage ta a hankali kamar faɗuwar rana, in ba haka ba dandazo ba ya haɗuwa. A raba maza da mata tun kafin su fashe su zama sauro. Namiji sai ya yi kusan kwana ɗaya al'aurarsa ta juya kafin ya iya barbara, don haka a yi amfani da 'yan kwana uku zuwa biyar, kuma tsaransu ɗaya. A zuba maza masu maguɗi da na asali da mata budurwai adadi ɗaya, daga baya kowace mace ta yi ƙwai a kofinta, a duba tsutsotsin a ƙarƙashin fitila mai nuna jan alamar da aka dasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne cunkoso. Keji ya matse, maza biyu su hau mace a jere, a sami adadin masu miji biyu da ba ya nan a daji.

Mai_Ɓeraye:
Tunda an dawo kan gwaji, na ɓera ma yana da tarko. A tabbatar mace tana lokacinta, a sa ta da namiji na farko har a ga toshi, sannan na biyu. Rabin gwajin mai t ya fara, rabi ya zo na biyu, don a ɓera na farko yakan fi samu. Kada a jira haihuwa, a ƙirga 'yan tayi wajen kwana tara na ciki, in ba haka ba mutuwar masu kwafi biyu za ta gauraya da sakamakon gasa. Ana gane t da PCR, gwajin da ke ninka guntun DNA har a iya ganinsa, a alamar gado mai suna Hba-ps4.

Duk da raunin nan ba a watsar da t ba. Mai kwafin kansa bai yi kyau a ɓera ba: a 2019 an same shi yana aiki a mata kaɗai, mafi yawa kashi 72. Shi ya sa ƙungiyar Paul Thomas a Adelaide ta Ostireliya ta ɗora CRISPR a kan t ɗin kansa a 2022, yana tafiya yana lalata ƙwayar gadon prolactin da mace ke bukata don haihuwa. Lissafin kwamfutarsu ya ce ɓera 250 za su iya ƙarar da 200,000 a tsibiri cikin kusan shekara 20. Don tsibirai irin Gough aka yi tunanin, inda ɓeraye ke cin 'yan tsakin tsuntsayen teku da ransu.

Tanko_Tafo:
To a kawo mana shi kasuwar Kejetia mana.

Mai_Ɓeraye:
Ba zai yi ba. t na ɓeran gida ne kaɗai, Mus musculus. Manyan ɓerayen kasuwa Rattus ne, gafiya wani jinsi ce daban, mai ɗauke da zazzaɓin Lassa kuma Mastomys ne. Babu wanda ke barbara da wani a cikinsu. Kasuwa kuma ba tsibiri ba ce, kowace motar kaya daga arewa ko daga Tema tana sauke sababbi.

Nafisa_lissafi:
Ni dai ban gamsu cewa kashi 2.5 na Mali ya isa a yanke wa sauron Gana hukunci ba. Muna da gambiae da coluzzii, ga arabiensis a arewa, ga melas a bakin teku, funestus kuma yana waje da gidan gambiae gaba ɗaya. Idan ɗalibi a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha, zai auna a nan Kumasi, mata nawa zai kama? Don idan adadin 2.5 ne da gaske, wanda ya duba 40 yana da damar kusan kashi 36 ya tashi bai ga ko ɗaya ba, ya rubuta sifiri.

Sauro_Legon:
Ɗaruruwa, kuma kowane jinsi da nasa lissafi, damina daban rani daban. A kama masu hutawa a ɗaki da asuba. Jakar maniyyin tana gaɓa ta takwas ta ciki, baƙa-baƙa ce, ana ciro ta da allura biyu a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Idan sauron ya kwana a cikin alkohol kashi 70, maniyyin yakan dunƙule ya fito guda, ya fi sauƙin rabuwa da ɓawon jakar. A wanke dunƙulen, don naman uwa kaɗan ya isa ya ƙara alamar da ba ta uba ba. A gwada ƙafar uwar daban don a san nata. Namiji ɗaya ba ya wuce alama biyu a kowane wuri, idan aka ga uku to maza biyu ne. Wuri ɗaya bai isa ba, maza biyu na iya yin tarayya a alama, a duba huɗu ko fiye. Wanda rabonsa ya yi ƙanƙanta kuma PCR na iya haɗiye shi, don haka a fara da gauraya DNA na maza biyu sanannu, ɗaya bisa goma da ɗaya bisa ashirin, a ga inda na'urar ke daina ganin ƙaramin.